Ranar da aka kira ni infoma a ƙofar masallaci

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya sayi ta dare. Na daɗe ina juya maganar a raina, yau dai na ce bari in fitar da ita, ko wani zai amfana, ko kuma ni in samu wanda zai gyara mini.

Wata Juma'a bayan an sallame, ina duƙe ina neman takalmina, sai na ji wani a bayana ya ce, "A rage murya, ga infoma nan." Aka yi 'yar dariya. Na ɗago, wallahi duk fuskokin na san su. Akwai wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi shekara biyu, muka sha garin kwaki a kwano ɗaya lokacin da kuɗinmu suka ƙare. Shi bai yi dariyar ba, amma bai ce komai ba, ya kawar da kai kawai.

Wanda ya fito daga yankinmu ya san nauyin kalmar nan. A garinmu infoma shi ne wanda yake gaya wa 'yan bindiga wane ya sayar da shanu ranar kasuwa, wane ɗansa ya turo kuɗi daga Legas, wace hanya sojoji suka bi. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙanen mahaifina sai da aka sayar da gonarsa biyu kafin a karɓo shi daga daji, kuma har yau gidanmu na zargin wani maƙwabci ne ya nuna shi. To wannan sunan aka liƙa mini. Amma bari in faro daga farko, don ni ma ina da laifina a ciki.

Kun tuna ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano yin Sallah. Duk wanda yake Kudu a satin nan ya san yadda zukatanmu suka kasance. Umma tana kirana sau huɗu a rana. Yawancin ɗalibanmu sun tafi gida, mu da ba mu da kuɗin mota muka rage.

Kwana biyu da faruwar abin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wani ya turo mini saƙon murya. Wani mutum ne yake magana da Hausa cikin haki, yana cewa samarin gari sun gama shiri, yau da dare za su shiga hostal su nemi duk wani ɗan Arewa, kowa ya yi ta kansa. Bai faɗi sunansa ba. Bai faɗi sunan gari ko makaranta ba. Ni kuwa a lokacin ni ne sakataren ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa, ni ke riƙe da guruf ɗin WhatsApp. Ban yi minti ɗaya ba na tura shi, har na ƙara da cewa, "A ɗauki wannan da muhimmanci." A raina cewa nake, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Kafin sha biyu hostal ya hargitse. Mun kai mu talatin da muka fita a ƙafa zuwa unguwar Hausawa, muka kwana a barandar masallaci da shagunan 'yan albasa. Wata ƙanwarmu 'yar aji biyu ta faɗa kwalbati a duhu ta gurɗe ƙafa. Wani ɗan aji ɗaya, yaron da ko wata biyar bai yi da zuwa ba, gari na wayewa ya sayar da wayarsa a wulaƙance ya hau tirela ya tafi gida. Mahaifinsa ya rantse ba zai dawo ba. Bai dawo ba kuwa. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro daga baya, 'yan garin da suka ga ayarin samari suna tafe cikin dare da jakunkuna, su ma nasu guruf ɗin ya ɗauka cewa Hausawa suna taruwa. Allah ne kawai ya tsare.

Babu abin da ya faru a daren. Bayan kwana uku wani ya gano cewa muryar tsohuwa ce, ta taɓa yawo shekarun baya a kan wani rikici na wani gari daban. Ba wanda ya tuhume ni, kowa cewa ya yi ai gara da aka gudu. Amma ni na san karatun yaron nan a hannuna ya lalace.

Samistar da ta biyo baya muka ɗauki wani kwas a kan bayanan sirri da tsaron ƙasa. Lakcaran ya raba mana batutuwan da kowa zai gabatar a aji, ni aka ba ni Jami'ar Leƙen Asiri ta Ƙasa da ke Amurka. Na yi dariya, don ban taɓa sanin akwai jami'a sukutum ta wannan aiki ba. A tunanina ɗan leƙen asiri shi ne na fim, baƙin gilashi da bindiga a cikin kwat.

Ga abin da na samu. A lokacin tana garin Bethesda a jihar Maryland, kusa da birnin Washington. An kafa ta a 1962 a matsayin makarantar bayanan sirri ta ma'aikatar tsaro, ta yi ta sauya suna har ta samu na yanzu a 2011. A 2021 aka ɗauke ta daga hannun hukumar leƙen asirin soja aka mayar da ita ƙarƙashin ofishin babban daraktan leƙen asirin ƙasar. Tana ba da digiri na farko da na biyu, digiri na gaske wanda hukumar tantance jami'o'i ta amince da shi. Sai dai ba irin tamu ba ce da za ka cike JAMB ka jira. Sai ɗan ƙasar, kuma soja ko ma'aikacin gwamnati, wanda aka riga aka bincike shi aka ba shi izinin ganin sirri mafi girma. Dalili kuwa, da takardun sirri na ainihi ake karatun, har kundin bincikensu ma yana iya zama sirri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen da suka riga suka yi shekaru suna aikin ake mayarwa aji. Me za a koya wa wanda ya riga ya iya? Da na tambayi lakcaranmu sai ya ce, samo labari kowa ma yana iyawa, mai shayin bakin get ya fi ka labari. Wahalar tana wurin auna shi: wa ya faɗa, a ina ya ji, me zai samu idan ka yarda, kuma me zai faru idan ƙarya ne ka riga ka yi aiki da shi.

Ya ba mu misali da Iraƙi. A watan Fabrairu na 2003 sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana bayanin motocin da aka ce Saddam na haɗa makamai masu guba a ciki. Babban tushen labarin wani ɗan Iraƙi ne da ya nemi mafaka a Jamus. Aka shiga yaƙi, ba a samu makaman ba, a 2011 kuma mutumin ya fito da bakinsa ya ce ƙirƙira ya yi. Ƙasar da ta fi kowa na'urori da kuɗi ke nan, ta tura saƙon murya ba ta bincika ba. Ina zaune a ajin nan jikina ya yi sanyi.

Ya kuma ba mu labarin Sherman Kent, malamin tarihi da ya koma aikin nazarin bayanan sirri. A 1951 shi da abokan aikinsa sun rubuta rahoto cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi Tarayyar Sobiyet ta kai wa Yugoslabiya hari. Da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me kowa yake nufi da kalmar, sai ya tarar wani kashi 20 cikin ɗari yake nufi, wani kuma 80. Sun sa hannu a jimla ɗaya, kowa da abin da yake nufi. Daga nan ya dage cewa dole mai rahoto ya fayyace iya tabbacinsa. Sai na tuna mu ai harshenmu ya riga ya ba mu wannan kyauta. "Na gani" daban, "na ji daga bakinsa" daban, "an ce" daban, "wai" kuma daban. Kakata ba ta taɓa haɗa su. Mu ne muka zo da waya muka mayar da "wai" ta zama "wallahi".

Akwai wani ma'auni da ya koya mana wanda sojojin NATO ke amfani da shi. Ana ba mai kawo labari harafi daga A zuwa F: A shi ne wanda aka gwada ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, E wanda aka san ba abin dogaro ba ne, F kuma wanda ba a san shi ba balle a auna shi. Shi kuma labarin a ba shi lamba daga 1 zuwa 6: 1 shi ne wanda wata majiya daban ta tabbatar, 5 wanda da wuya ya zama gaskiya, 6 wanda ba a da hanyar tantance shi. Da na koma ɗaki na binciko muryar nan na sake saurara. F6. Ba a san mai maganar ba, ba a san a kan ina yake magana ba. A kan F6 na tashi mutum talatin tsakar dare.

A gabatarwar tawa na kwatanta da namu na gida. Bayan kashe Janar Murtala a 1976 aka kafa hukumar tsaro ta NSO. A 1986 gwamnatin Babangida ta raba ta uku: hukumar tsaro ta farin kaya da muke kira DSS ta cikin gida, NIA ta ƙasashen waje, DIA ta soja. Wajen karatu kuma akwai Cibiyar Nazarin Tsaro ta Ƙasa da ke Bwari a Abuja, kusa da madatsar ruwa ta Usuma, wadda dokar kafa ta ta samu sa hannu a 2019, manyan jami'ai ake turawa can kwas na watanni. Akwai NDA a Kaduna tun 1964, akwai makarantar 'yan sanda ta Wudil, akwai Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu da aka buɗe a 2018 wadda farar hula ma ke shiga. Kun lura kusan duka a Arewa suke ko a bakinta? Amma ɗaliban Arewa nawa ne a cikinmu suka taɓa tunanin wannan fanni a matsayin ilimi? Mu dai in an ce leƙen asiri sai mu ce munafunci.

Na kuma kawo Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, inda a daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, sama da mutum 80 suka rasu, rundunar ta ce kuskure ne. Na ce wa ajin, taron Mauludi a ƙauye yana da kamanninsa, duk wanda ya tashi a cikinsa ya san shi. Na'ura tana nuna maka mutane sun taru, ba ta gaya maka me ya tara su. Wannan sai mutum, wanda ya san harshen, ya san watan da ake ciki, ya san garin. Ajin ya yi tsit. Wata 'yar ajinmu da ba mu taɓa gaisawa ba ta same ni a waje ta ce ba ta taɓa jin labarin ba.

To ashe gabatarwar ce za ta jawo mini. Bayan sati biyu aka ce ana nemana a ofishin tsaro na makaranta. Na je gabana na faɗuwa. Wani babba ne a ofishin, dattijo, ya taɓa aiki a Arewa, har yana jefa Hausa jefi-jefi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce ya ji ni yaro ne mai hankali, kuma ya san abin da ya faru daren nan na azumi. Ya ce abin da yake so ƙarami ne: lokaci-lokaci in riƙa gaya masa abin da ake tattaunawa a masallaci da guruf ɗinmu, su wa ke da zafin kai, wane baƙo ne ya sauka a unguwar Hausawa. Tsakanina da shi kawai. Zai riƙa ba ni na data, kuma idan na gama bautar ƙasa yana da mutanen da zai haɗa ni da su.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji kwaɗayin abin. Ni ne babba a gidanmu, ƙanne shida ke bayana, kuma kun san yadda neman aiki yake ga wanda ba shi da kowa. Ga shi kuma fannin ya riga ya shiga raina. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in yi shawara."

Na samu limaminmu na unguwar Hausawa bayan isha'i na kwashe komai na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce in je in karanta Suratul Hujurati gaba ɗayanta. Ya ce a cikinta aka umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi don kada mu cuci bayin Allah cikin rashin sani, a cikinta kuma aka hana mu mugun zato da bin diddigin sirrin juna. Ya ce, "Ɗana, na farkon ka riga ka saɓa masa da azumi. Kada garin gyara shi ka faɗa na biyun." Ya ce tsare rayukan mutane aiki ne mai lada, kuma wanda ya ga ana shirya ɓarna ya yi shiru yana da kaso a ciki. Amma zama cikin 'yan uwanka da fuska biyu, kana kwasar hirarsu kana sayarwa a kan kuɗin data, wannan cin amana ne ko da wa ka kai wa.

Na koma ofishin na ce, "Ranka ya daɗe, a ɓoye ba zan iya ba. Amma idan ana so a fili, ni zan kawo shugabanninmu da wakilin Sarkin Hausawa, a zauna, a yi musayar lambobi. Duk ranar da wata jita-jita ta taso mu kira ku, ku ma ku kira mu kafin ku yarda da abin da aka ce a kanmu. Kuma idan na ga wani zai cutar da mutane, ko ɗan uwana ne, ba sai an biya ni ba zan faɗa." Ya dube ni ya daɗe, ya ce zai duba. Fuskarsa dai ta canza, maganar haɗa ni da mutane kuma ba ta sake tasowa ba.

Shigata ofishin nan sau biyu wani ya gani. Shi ke nan. "An gan shi" ta zama "an ce yana kai rahoto", ta zama "ai biyansa ake yi". Cikin sati guda na zama infoma. Na so in yi fushi, sai na tuna ni ma haka na yi. Su ma F6 suka samu suka tura.

Ranar Lahadi a taron ƙungiya na miƙe na faɗi komai, tun daga tayin da aka yi mini har amsar da na bayar, na ce ga Malam nan a tambaye shi. Na kuma nemi yafiyar daren azumi, abin da ya kamata in yi tun tuni. Wasu sun gamsu. Wasu har yau in na zauna a majalisa sai a canza hira zuwa ƙwallo. Abokin ɗakin nan nawa muna gaisawa, amma ba kamar da ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Zaman da ofishin tsaron an yi shi sau ɗaya, bayan wata biyu. Ba wani abin kirki aka cimma ba sai lambobin waya. Amma kwanan baya da hoton wata tirela cike da mutane ya fara yawo a guruf ɗin dipatmen ɗinmu, ana cewa an shigo da 'yan ta'adda, kira ɗaya aka yi wa wakilin Sarki, ya ce leburorin kasuwar albasa ne, ga sunan dillalin da ya kawo su. Kafin la'asar maganar ta mutu. A guruf ɗinmu kuma mun sa doka: duk wanda zai turo labarin tashin hankali sai ya rubuta wa ya gaya masa, a wane gari, kuma yaushe. In babu ukun nan, admin ya goge, ya kira mutumin ta waya. Ana ƙorafi, amma ana bi.

Yaron da ya tafi na samu lambar yayansa na kira. Yana taya mahaifinsu zaman shago a kasuwa. Na ce ya sake cike JAMB ko a makarantar kusa da gida ce, kuɗin fom a kaina. Ya ce zai yi shawara da Baba. Ina jiran amsarsa.

Ni kuma furojet ɗina na aji huɗu a kan yadda jita-jitar WhatsApp ke tayar da rikici tsakanin baƙi da 'yan gari nake yin sa. Idan Allah ya sa na gama, ina da niyyar neman aikin tsaro ta ƙofar gaba, da takarduna, kowa ya sani. Na gaya wa Umma, ta ce, "Aikin da mutum ba ya iya gaya wa uwarsa inda ya kwana?" Ban samu amsar da zan ba ta ba tukuna.

Shi ya sa nake tambayarku, musamman waɗanda garuruwansu suka ɗanɗana abin da namu ya ɗanɗana. Idan duk mai jin Hausa da Fulatanci da Barbarci, mai tsoron Allah, ya guje wa aikin nan don kada a kira shi infoma, wa zai zauna a ɗakin da ake yanke hukuncin ko taron can Mauludi ne ko sansani? Idan kuma mun shiga, ta yaya mutum zai tsare kansa kada ya zama abin da muke tsana? Wanda yake da ɗan uwa a ciki, ko malamin da ya yi nazarin mas'alar, don Allah ya yi mana bayani a ƙasa. Zagi ma na saba, amma a haɗa da hujja.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mu a inda muke, ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.